Motar haɗin gida: yadda ake gyara ɓarnar wanda ya fara haɗa ta

A Birtaniya akwai wata kasuwa ta motocin da ba masana'anta ce ta haɗa su ba. Kamfani ne ke sayar da ƙashin motar da gangar jikinta da sauran kayan haɗi, mai saye kuma ya kai su garejin gidansa ya yi ta ɗaurawa a ranakun hutu, wani lokaci na tsawon shekaru. Turawan Ingila na kiran irin wannan mota kit car, Faransawa kuma voiture en kit. Da Hausa ana iya ce mata motar haɗin gida.

Da yawa daga cikin masu irin waɗannan motoci a yau ba su ne suka haɗa su ba. Sun saye su ne a hannu na biyu ko na uku, wasu a kammale, wasu kuma aikin ya tsaya a rabi bayan mai shi ya gaji ko kuɗinsa sun ƙare. Duk wanda ya sayi irin wannan mota ya gaji aikin hannun mutumin da bai sani ba: waldarsa, ɗaurin notinsa, da dabarun da ya yi a ranar da abin da yake buƙata bai samu ba. Idan aikin ya yi kyau, ya tsinci dami a kala. Idan kuma na ha'inci ne, to zai zauna a cikin motar da nauyinta bai wuce kilo 500 zuwa 700 ba, mai tsananin gudu, wadda babu wanda zai iya rantsuwa a kan birkinta.

Daga ina abin ya samo asali

Fitacciyar motar haɗin gida ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a shekarar 1957. A wancan zamani gwamnatin Birtaniya na karɓar haraji mai nauyi a kan sabuwar mota kammalalliya, amma ba ta karɓa a kan wadda aka saya a warwatse. Hakan ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke iya mallakar motar tsere idan ya yarda ya haɗa ta da hannunsa. A shekarar 1973 aka sauya tsarin harajin, rangwamen ya kau, kamfanin Lotus kuma ya sayar wa Caterham haƙƙin ci gaba da ƙera motar. Har yanzu Caterham na yin ta.

Wasu kamfanoni, irin su Westfield, sun bi sahu da motoci masu kama da ita. A shekarar 1996 wani mai suna Ron Champion ya fitar da littafin da ke koyar da yadda mutum zai yanka ƙarfe ya yi waldar ƙashin motar da kansa, ya ciro inji da giya da ƙafafu daga tsohuwar Ford Escort, a kan kuɗin da taken littafin ya ce bai wuce fam 250 ba. Motocin da aka yi ta wannan hanya su ake kira Locost. Da Escort ta yi wuyar samu, sai aka koma Ford Sierra, daga baya kuma Mazda MX-5. A Amurka ma akwai irin wannan al'ada: motar yashi ta Meyers Manx da ta fito a shekarun 1960 ana ɗora ta ne a kan ƙasan Volkswagen Beetle bayan an yanke shi an rage masa tsawon kimanin santimita 36, an sake haɗe shi da walda.

Wannan tarihi ya nuna cewa motocin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda kowane noti nata sabo ne daga kamfani, tare da littafin bayani. Akwai kuma wadda aka harhaɗa daga motoci uku da suka mutu, a kan ƙashin da wani ya koyi walda a kansa. Mafi yawan ciwon kai yana cikin kashi na biyu.

Me ya sa aikin ke lalacewa

A masana'anta, kowane ɗauri yana da awonsa, kuma akwai mai duba aikin mai ɗaurin. A garejin gida mutum ɗaya ne injiniya, shi ne mai walda, shi ne mai aikin waya, shi ne kuma mai duba aikin kansa. Da wuya a samu wanda ya ƙware a duka. Mai iya inji yakan kasa a wajen lantarki, mai iya fenti kuma yakan raina aikin birki.

Sai kuma gajiya. Farkon aiki mutum yakan auna sau biyu kafin ya huda rami. Bayan shekara uku, ga kuɗi sun yi ƙasa, ga iyali na tambayar yaushe za a kwashe tarkacen, sai ya fara cewa wannan ma ya isa. Abin takaici shi ne wayoyi da bututun mai, waɗanda kuskure a cikinsu ke haddasa gobara, galibi a wannan lokaci na gajiya ake yin su.

Ana iya tambaya: babu hukumar da ke dubawa ne? Akwai. Tun shekarar 1998 Birtaniya ta wajabta wa irin waɗannan motoci wani gwaji na musamman kafin a ba su lamba, wanda aka sabunta a shekarar 2009 da sunan IVA, kuma hukumar DVSA ce ke gudanar da shi a yanzu. Gwajin yana da tsauri: ana auna ƙarfin birki, ana auna ƙarar salansa, har ma ana bin jikin motar ana neman gefe mai kaifi da zai iya yanka mai tafiya a ƙasa. A Faransa ma sai mota ta bi ta hannun hukumar DREAL an amince da ita ita kaɗai kafin ta samu takarda, kuma hanyar ta fi ta Birtaniya wuya. Sai dai mai gwaji ba ya kwance mota. Abin da idonsa da na'urarsa suka kai gare shi a ranar shi yake dubawa. Motocin da aka yi wa rajista kafin 1998 ba su bi ta wannan gwaji ba ma, waɗanda suka bi kuwa babu abin da ya hana a sauya musu inji ko birki bayan an karɓi takarda.

Kafin a ɗauki sifana

Masu gogewa a wannan aiki suna bin ƙa'ida ɗaya: duk abin da ba a gani da ido ba, ko ba a auna ba, a ɗauka ba a yi shi daidai ba. Kuskure ɗaya da aka gano yana ba da labarin halin mai aikin. Wanda ya murɗe wayoyi biyu ya naɗe su da salatif a bayan mita, mai yiwuwa haka ya yi a kusa da tankin mai.

Saboda haka matakin farko shi ne a cire kan batir, a ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, kada a dogara da jak shi kaɗai, a cire tayoyi da kujeru da duk murfin da ke ciruwa. A wanke ko'ina, domin datti da baƙin mai suna ɓoye tsaga. Sannan a bi motar daga gaba zuwa baya da fitila, ana ɗaukar hoto, ana rubuta kowace matsala a littafi. A wannan mataki ba a gyara komai. Wanda ya fara gyara abin da ya fara gani yakan ƙare kuɗinsa a kan ƙananan abubuwa, daga baya ya tarar da babbar ɓarna da za ta sa ya kwance duk abin da ya yi.

Idan jerin ya kammala sai a kasa shi bisa haɗari. Abin da zai iya kashe mutum shi ne a gaba: shasi, sitiyari, ƙafafu, birki, bel ɗin kujera. Sai abin da zai iya ƙona motar, wato mai da lantarki. Sai abin da zai tsayar da ita a hanya. Fenti da kwalliyar kujeru su ne na ƙarshe, duk da cewa su ne suka fi jan ido.

Shasi da walda

Motoci irin Seven suna tsaye ne a kan keji na siraran bututun ƙarfe, yawanci masu kusurwa huɗu, faɗin milimita 25, kaurin jikinsu kuma bai kai milimita 2 ba. Ƙarfin kejin ya dogara ne a kan cewa kowane bututu yana wurinsa. Sau da yawa mai haɗin farko yakan yanke wani bututu da ke tsaye a karkace domin salansa ko babban inji ya samu wuri, ya manta cewa shi ne ke hana kejin murɗewa. Idan aka kwatanta motar da zanen asali ko da wata irinta mai lafiya, ana gane abin da ya ɓace.

Ana gane ko shasi ya karkace ta hanyar aunawa daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya bambanta da yawa, motar ba za ta taɓa tafiya miƙe ba, komai gyaran da aka yi wa tayoyinta.

Walda mai kyau takan narke ta shiga cikin ƙarfen biyu. Mummuna kuwa takan zauna a sama kamar kashin tsuntsu, da ƙananan ramuka a jikinta. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda aka goge da injin gurza har ta yi sumul, aka shafe da fila da fenti, domin tana iya zama babu komai a ƙarƙashinta. A wuraren da ƙafafu da inji da bel ɗin kujera ke maƙale, ya kamata a kankare fentin har ƙarfe ya fito. Idan waldar ba ta gamsar ba, ba a ɗora sabuwa a kanta. Ana gurje ta gaba ɗaya ne a sake, kuma wannan aikin ƙwararren mai walda ne. Haka nan a duba bututun ƙasa, inda aka huda su aka maƙala fallen alminiyum: ruwa na shiga ta waɗannan ramuka, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki.

Noti, sitiyari da birki

Kan bolti na da lambar da ke nuna ƙarfinsa. A ƙafafu da sitiyari da birki, abin da ake so shi ne mai lamba 8.8 ko sama da haka, kamar 10.9. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan a cire shi. Wasu masu haɗi kan sa boltin ƙarfe marar tsatsa saboda ƙyallinsa, alhali irin wanda aka fi samu a shago bai kai 8.8 ƙarfi ba. Tsawo ma yana da muhimmanci: ɓangaren boltin da ba shi da zare shi ya kamata ya ɗauki nauyi, kuma aƙalla zare biyu su leƙo bayan noti. Notin da ke da roba a ciki don hana kwancewa ba a son maimaita shi, ba a kuma sa shi kusa da zafin salansa. Ɗauri kuwa da sifana mai awon ƙarfi ake yin sa, sannan a ɗiga fenti a kan kowane notin da aka gama domin kada a rikice.

Wata matsala da ta zama ruwan dare ita ce haɗa ƙafafun wata mota da sitiyarin wata ba tare da lissafi ba. Sakamakon shi ne duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, sai ta juya kanta kaɗan ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. A gudun kilomita 100 a awa, wannan kaɗan ɗin ya isa ya fitar da mota daga layinta. Maganinsa shi ne a cire sufirin, a ɗaga ƙafar a sauke ana auna juyawar tayar, sannan a gyara tsayin da aka ɗaura sitiyarin. A duba farfela ita ma, domin a waɗannan motoci tana juyawa ne a cikin rami tsakanin direba da fasinja, dab da cinyoyinsu.

A wajen birki, abin da ya fi dacewa shi ne a sabunta duk bututun da ba a san tarihinsa ba. Bututun jan ƙarfe zalla yana da sauƙin lanƙwasawa, shi ya sa masu haɗin gida ke son sa, amma girgiza na sa shi taurara har ya tsage. Wanda aka gauraya da nikel ya fi shi juriya. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa: tsofaffin kayan Ingila suna da zaren inci, na baya-bayan nan kuma zaren milimita, kuma akwai girman da suke kusa da juna har ɗaya ya shiga cikin ɗaya ya yi kamar ya ɗauru. Yana iya riƙewa a gareji, ya fice ranar da aka taka birki da ƙarfi. Man birki na yau da kullum, irin DOT 4, yana shan danshi daga iska, saboda haka ake sauya shi duk shekara biyu, kuma ba a gauraya shi da DOT 5 wanda asalinsa daban ne. Bayan an gama, a gwada a fili marar jama'a: tayoyin gaba su ya kamata su riga na baya kamawa. Idan na baya suka riga, motar za ta juya da mai ita. Tayoyin kansu suna da lambobi huɗu a gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, kuma motar da ta shekara goma a gareji tana iya zama da taya mai cikakken zane amma busasshiya.

Mai da lantarki

Tiyon roba da aka yi don injin kafireta ba ya jure matsin injin zamani mai fesa mai, wanda ke kai kimanin bar 3. Idan mai haɗin farko ya sauya inji ya bar tsohon tiyo, gobara ce ke jiran rana. Bugu da ƙari, tun watan Satumba na 2021 fetur na gama-gari a Ingila da Scotland da Wales yana ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsohuwar roba. Tiyon da aka rubuta wa R9 a jiki shi ake nema. A tabbata bututun mai bai gogi ƙarfe ba, bai kusanci salansa ba, kuma ba a ɗaure shi tare da wayoyin lantarki ba.

Wayoyi su ne wurin da halin mai haɗin farko ya fi fitowa fili. Ana samun wanda ya yi amfani da waya launi ɗaya a ko'ina, da wanda ya sa wayar gida mai tauri wadda girgiza ke karyawa, da wanda ya bi da waya ta ramin ƙarfe ba tare da zoben roba ba. Ana samun kuma wanda fiyus ya dame shi da ƙonewa, sai ya sa mafi girma. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta yi zafi, don haka ƙara masa girma daidai yake da mai da wayar kanta fiyus. Dokar gwajin IVA ta buƙaci a maƙale wayoyi a tazarar da ba ta wuce santimita 30 ba, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowace mota.

Akwai wani abu da ya keɓanta da waɗannan motoci. A motar da aka saba da ita, jikin ƙarfe ne ke mayar da lantarki zuwa batir. Gangar jikin motar haɗin gida kuwa galibi ta faiba ce, ba ta ɗaukar lantarki, saboda haka kowace fitila na buƙatar wayarta ta komawa, wadda makanikai a ƙasashe masu Faransanci ke kira mas. Idan aka ga fitilar birki na lumshewa duk lokacin da aka kunna sigina, a nan za a fara nema.

A gyara ko a warware duka?

Wannan ita ce shawarar da ta fi wuya. Faci a kan faci shi ne abin da Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa. Idan an buɗe wayoyi aka tarar da haɗi goma na salatif a wuri guda, sayen sabon tarin wayoyi da sake shimfiɗa su yakan fi sauƙi da arha a kan bin kowane lahani ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma shasin ne ya karkace ko ya ruɓe a wurare da dama, wani lokaci abin da ya rage shi ne a ceto inji da giya a nemi wani ƙashin. Kayan gyara ma sukan yi wuya, domin ƙananan kamfanonin da suka ƙera waɗannan motoci da yawansu sun rufe. Ƙungiyoyin masu irin motar su ne ke adana zane da littattafan bayani, su ne kuma ke taimaka wa sabon mai mota ya gane daga wace mota aka ciro kowane ɓangare.

Takardu ma na cikin aikin da ake gada. Akwai motocin haɗin gida da har yanzu takardarsu ke ɗauke da sunan tsohuwar motar da aka ciro wa inji. Irin wannan rajista ba daidai ba ce, kuma tana iya sa kamfanin inshora ya ƙi biya bayan haɗari. Motar da hukumar DVLA ta kasa tantance shekarunta ko asalin kayanta ana ba ta lambar da ta fara da harafin Q. Ya kamata mai saye ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda tun kafin ya biya kuɗi.

Ba a cika ganin irin waɗannan motoci a Garwa ko Njamena ko Kumasi ba, amma gadon aikin hannun wani sananne ne a yankin. Babura da masu ƙafa uku da yawa a kwali suke isowa, a kasuwa ake haɗa su. Bodin manyan motoci a gareji ake ƙera shi, kuma motar da ta sauka a tashar Kwatano ko Duwala takan bi ta hannun makanikai da dama kafin ta kai ga mai ita na yanzu. Takardar binciken lafiyar mota, wadda ake kira visite technique, ita ma ba ta kwance noti. Tsarin da masu motar haɗin gida ke bi yana aiki a nan: a bincika duka kafin a taɓa komai, a fara da birki da sitiyari, a bi da mai da wayoyi, kwalliya ta jira.

Abu na ƙarshe da ƙwararrun wannan aiki ke yi shi ne rubutu. Suna ajiye zanen wayoyi da launukansu, da jerin kayan da aka sa da motar da aka ciro su, da awon ɗaurin kowane muhimmin noti, da hotunan walda kafin a shafa fenti. Wannan littafi yana bin motar duk inda aka sayar da ita, yana ƙara mata daraja a kasuwa, kuma yana hutar da mai saye na gaba daga sake kwance abin da aka riga aka gyara.